Sharhin littafi: John Peel, baƙon da harshen sa ya sama masa aiki

LITTAFI: Margrave of the Marshes
MARUBUTA: John Peel da Sheila Ravenscroft
MAƊABA'A: Bantam Press, Landan
SHEKARA: 2005

Miji ne ya fara rubuta wannan littafi, mutuwa ta katse masa hanzari, sai matar sa ta ɗauki alƙalamin ta ƙarasa. Mijin shi ne John Peel, shahararren mai gabatar da waƙoƙi a gidan rediyon BBC, wanda bugun zuciya ya yi ajalin sa a garin Cusco na ƙasar Peru ran 25 ga Oktoba, 2004, ya na da shekara 65. Sunan littafin, in za a kusanto da shi Hausa, kamar ka ce Sarkin Fadama ne.

Ga wanda bai san shi ba, sunan sa na yanka John Ravenscroft. An haife shi a 1939 a Heswall, kusa da Liverpool, kuma mahaifin sa ɗan kasuwar auduga ne mai rufin asiri. Ya riƙe shiri a tashar BBC Radio 1 tun shekarar da aka buɗe ta, wato 1967, har ƙarshen rayuwar sa. Mawaƙa fiye da 2,000 sun shiga situdiyo sun yi rikodin na musamman domin shirin sa, da yawan su tun ba wanda ya san da zaman su. Ya na cikin waɗanda su ka buɗe wa makaɗan Afrika ƙofa a Ingila, musamman Bhundu Boys da Four Brothers na Zimbabuwe. An kuma ji muryar sa a sashen BBC na duniya da rediyon sojan Birtaniya, da wasu tashoshin Jamus, Holan da Finlan.

To amma ba a Ingila ya koyi aikin ba. A 1960 ya tafi Dallas ta jihar Texas a Amurka don aikin auduga, daga baya ya koma yawon sayar da inshora. Aikin rediyon sa na farko a tashar WRR ne, a wani shiri mai suna Kat's Karavan, kuma ko sisi ba a biyan sa. Sai ga guguwar mawaƙan Beatles ta taso a 1964. Su 'yan Liverpool ne, Amurkawa kuwa sun haukace a kan duk abin da ya fito daga wannan gari. Gogan naka, wanda makarantar 'ya'yan manya ta Shrewsbury ya yi, sai ya karya harshe irin na 'yan Liverpool, tashar KLIF ta ɗauke shi a matsayin masanin Beatles, alhali bai san su ido da ido ba. Daga nan ya wuce KOMA a Oklahoma, sannan KMEN a Kalifoniya. Da ya koma gida a 1967, sai ya shiga Radio London, tashar da ke watsa shiri daga jirgin ruwa ba da izinin gwamnati ba, kuma a can ne ya ɗauki sunan John Peel.

Ka ga ke nan baƙunta ce jarin sa na farko. Kuma ba a rediyo kaɗai ya ci gajiyar ta ba. Lokacin da aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas a Nuwamba 1963, cewa ya yi shi wakilin jaridar Liverpool Echo ne, aka bar shi ya shiga inda 'yan sanda su ka nuna Lee Harvey Oswald ga manema labarai.

Rabin farko, wanda Peel ya rubuta da hannun sa, ya fi daɗin karatu. Ya na rubutu kamar yadda ya ke magana a rediyo: ya ɗauko zance, ya ratse ya shiga wani, ya dawo bayan shafi biyu, kuma kullum shi ne abin dariyar. Ko fyaɗen da wani babban ɗalibi ya yi masa a Shrewsbury, a taƙaice ya faɗe shi, ba kuka ba neman tausayi. Wannan wuri ya na sa jikin mai karatu ya yi sanyi. Illar salon ita ce, wanda bai san Ingilar wancan zamani ba zai ɓace a hanya, don Peel bai damu da jera shekaru ba.

Rubutun nasa ya tsaya ya na Amurka, daidai lokacin da ya ke shirin shiga wani gidan karuwai a Meziko. Daga nan Sheila, wadda ya aura a 1974, ta karɓa, tare da taimakon 'ya'yan su huɗu da takardun da ya bari. Salon ta ya fi nasa tsari. Ita ce ta nuna mana mutumin gida: mai saurin hawaye, mai son ƙungiyar ƙwallon Liverpool, mai zama cikin tarin faya-fayen da matasa ke aiko masa ya na saurare. Duk wanda ke son ya san yadda mai gabatar da shiri ke kare kunnen sa daga son ran kamfanonin waƙa zai ƙaru da wannan sashe.

Sai dai a nawa ganin, inda littafin ya tsage nan ne ya kamata a ce ya fi ƙarfi. Shekarun Amurka su ne su ka gina Peel, kuma a cikin su ne akwai tabon da ya fi kowanne. Sunan da ya yi a Dallas ya sa 'yan mata 'yan makaranta na yi masa layi a ƙofar tasha, kuma shi da bakin sa, a hirarrakin da ya yi da jaridu tun ya na raye, ya riƙa ba da labarin lalata da su kamar abin raha. A 1965 ya auri wata 'yar shekara 15, ya taho da ita Ingila, auren bai yi daɗi ba, aka raba shi a 1973. Ta rasu a 1987. Duk abin da mu ka ji game da ita, daga ɓangaren mijin mu ka ji. Ita ba ta da baki a littafin, sauran yaran kuwa ba wanda ya tambayi yadda su ka ƙare.

Ba za a ga laifin Sheila sosai ba. Matar da ke cikin jimamin miji ba za ta zama alƙalin sa ba, kuma ba ta nan lokacin da abin ya faru. Laifin na tsarin littafin ne: mai barkwanci ya rubuta rabi, masu ƙaunar sa sun rubuta rabi, babu hannu na uku da zai tsaya ya yi tambaya.

Lokaci kuwa ya yi tambayar. A 2012, bayan tonon asirin Jimmy Savile, wani tsohon ma'aikacin BBC da ya shekara da shekaru ya na lalata yara, jaridun Ingila sun tono tsofaffin kalaman Peel su ka sake auna su. Ba a taɓa gurfanar da shi a kotu ba, wannan gaskiya ne. A 2023 bikin waƙa na Glastonbury ya canza sunan dandalin da ke ɗauke da sunan sa zuwa Woodsies, ko da yake masu bikin sun ce ba ƙorafin jama'a ne dalili ba.

Shin a karanta littafin? Ƙwarai kuwa. Zai nuna maka yadda baƙo ya mai da harshen garin su sana'a, da yadda kunnen mutum ɗaya ya canza abin da ƙasa guda ke saurare har shekara 37. Amma ka karanta da sanin cewa 'yan gida ne ke ba ka labari. Masu sha'awar rubuta tarihin taurari su lura da wannan: iyali su na da takardu da hotuna, amma akwai tambayoyin da sai bare ne zai iya yin su.