Ƙirƙirarriyar Basira da Hausar Zango: Sharhi ga Ɗaliban Harshe

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, ɗaliban jami'a da dama suka mayar da shi abokin aikin jinga. Wannan sharhi ya dubi ɓangare guda ne, wato nazarin karin harshe, domin a nan ne manhajar ta fi rauni.

Irin wannan manhaja tana koyon harshe ne daga tarin rubuce-rubuce, aikinta kuwa hasashen kalmar da za ta biyo wata. Mafi yawan rubutun boko da daidaitacciyar Hausa ake yin sa, wadda aka gina bisa karin Kano. Saboda haka idan aka tambaye ta Hausar wani wuri, sau da yawa Kananci take kawowa, ta sauya masa riga. Haka kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo a rubuce ɗaya suke.

A ɗauki misalin Wagadugu. Unguwannin Zangouettin da Peuloghin, inda Hausawa da Fulani suka daɗe da zama, an rushe su a 2003 domin shirin gina cibiyar kasuwanci ta ZACA, mazaunansu suka watsu zuwa wasu unguwanni. Ɗalibin da aka ba aikin bayyana yadda waɗannan mutane ke magana a tsakanin masu Mosanci da Fulatanci da Faransanci zai samu jimloli masu santsi daga manhajar cikin daƙiƙa kaɗan. Sai dai babu bakin da ya furta su. Jimlar da ba a san wanda ya faɗe ta ba, ko shekarunsa, ko inda aka ji ta, ba hujja ba ce a nazarin karin harshe, kome kyanta. Malamin da ya karɓe ta ma ya yi sakaci.

Akwai inda take da amfani, kamar tsara tambayoyin hira, ko sauƙaƙa maƙalar Faransanci ga ɗalibin Nijeriya, muddin ya ambaci hakan a aikinsa. Ma'anar kalma kuwa sai ya tabbatar da ita a ƙamusun Bargery na 1934, dokar nahawu kuma a littafin Newman na 2000, domin manhajar takan ƙago madogara da marubucinta har da lambar shafi. Hirar da ya naɗa da dattawan zango ita ma amana ce, bai kamata ya ɗora ta a manhajar ba sai da izininsu.