Ƙunci da Yanke Ƙauna a Wasan Cyberpunk 2020: Taƙaitaccen Tarke

Tun lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka cikin 1974, aka sami wani nau'in ƙagaggen labari wanda babu marubuci guda da zai ce nasa ne. Mutum huɗu ko biyar kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya yana magana da bakinsa, ɗayansu kuma ya zama alƙalin wasa mai bayyana wuri da sauran mutanen labarin. Duk inda aka yi shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa 'yar ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, ita ce za ta raba gardama. Ga manazarcin adabi wannan abin lura ne, domin a nan masu sauraro suna da hannu wajen gina jigo.

Saibafank kuwa reshe ne na ƙagaggun labaran kimiyya da ya yi tashe bayan fim ɗin Blade Runner na 1982 da littafin Neuromancer na William Gibson na 1984. Duniyarsa ta ci gaban fasaha ce da lalacewar rayuwa, inda manyan kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi, talaka kuma ba shi da wata kadara sai jikinsa. Mike Pondsmith ya mayar da wannan duniya wasan tebur a 1988, sannan a 1990 aka fitar da bugu na biyu mai suna Cyberpunk 2020, wanda labarinsa ke gudana a Night City, wani ƙagaggen birni a gaɓar tekun Kalifoniya. Abin da muke son dubawa shi ne ta yaya ƙuncin da ake ji a littafi da fim yake sauka a kan tebur, da kuma inda yake kuɓucewa.

Alƙalan wasa da dama kan ɗauka cewa siffantawa ta wadatar: ruwan sama da ba ya ɗaukewa, lungu mai wari, fitilun talla suna haska kwata. Wannan na aiki a zama na farko. Zuwa na uku kuwa kunne ya saba, 'yan wasa suna jiran a gama bayanin ruwan su ci gaba da harbi. Marubuci yana iya tilasta wa tauraronsa ya sha kaye, amma ɗan wasa ya zo ne da niyyar cin nasara, don haka ƙuncin da bai taɓa zaɓinsa ba ado ne kawai.

A ganinmu Pondsmith ya gane haka, shi ya sa ya dasa ƙuncin a cikin ƙa'idoji. Mafi ƙarfinsu ita ce ta mutuntaka. Kowane tauraro yana da makin tausayi, wanda ake ninkawa sau 10 a sami makin mutuntakarsa. Mai tausayi 6 yana farawa da 60. Duk na'urar da aka dasa masa, ko ido ko hannun ƙarfe ko wayar da ke haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta, tana cin wani abu daga wannan maki, kuma duk 10 da ya zube tausayi ya ragu da ɗaya. In ya ƙare, tauraron ya haukace, alƙali ya karɓe shi daga hannun mai shi. Ga tarkon: wanda bai yi dashe ba ba zai iya gogayya a titi ba, wanda ya yi kuma yana sayar da kansa gaɓa-gaɓa, da hannunsa yake rubuta ragin a takarda. Babu bayanin da zai kai wannan ciwo.

Sai dai ƙa'idar tana da tabo, domin tana nuna kamar mai ƙafar roba ya gaza sauran mutane mutuntaka, kuma an soki wasan a kan haka. Bugun Cyberpunk Red na 2020 ya gyara: dashen da ya maye gurbin gaɓar da aka rasa kawai ba ya rage komai, kuma ana iya farfaɗo da wani ɓangare na makin ta hanyar jinyar ƙwaƙwalwa, amma da kuɗi. Mun ga gyaran ya ƙara wa jigon kaifi, tunda yanzu mai hali ne ke iya fansar mutuntakarsa.

Inda muke da ja shi ne batun kisa. Tsarin faɗa na wasan ba shi da sassauci: raunin ka ana ninka shi biyu, kuma bugun da ya haura maki 8 a hannu ko ƙafa yana raba mutum da gaɓar, a ka kuwa mutuwa ce. Wannan yana sa a ji tsoron bindiga, abin da ya dace. Amma alƙalin da ya mayar da mutuwa ruwan dare yana rusa abin da yake ginawa. Ɗan wasan da aka kashe masa tauraro sau uku ba zai ƙara wahalar da kansa wajen ƙago wa na huɗu uwa ko ƙanwa ba, daga nan sai tebur ya koma raha. Haka abin yake a Shadowrun na 1989, inda cin amanar mai ba da kwangila ya zama al'ada har 'yan wasa kan shirya masa tun kafin su karɓi aiki. Cin amanar da aka san da zuwansa ba ya zafi.

Kamfanin Trauma Team ya fi harsashi isar da saƙo. Motar asibitinsu mai tashi sama takan sauko da dakaru ta ɗauki wanda ya biya kuɗin rajista. A ƙaddara abokai biyu sun faɗi a lungu ɗaya, aka ɗauki mai kati, aka tsallake ɗayan yana numfashi. Ba a kashe kowa ba tukuna, amma duk wanda ke teburin ya fahimci irin garin da yake ciki.

Saboda haka muke ganin sashen tafarkin rayuwa shi ne zuciyar littafin, ko da yake shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kafin a fara wasa, ɗan wasa yana jefa ƙwaya ya gano asalin gidansu, da masifar da ta afka musu, da abokai da maƙiya da tsohuwar soyayya. Waɗannan su ne abubuwan da za a iya ƙwace masa. Alƙali mai basira zai bar ƙanwar tauraro ta rayu zama biyar, ta yi barkwanci, ta ci bashi, kafin ranar da kamfanin Arasaka zai kawo aikin da kuɗinsa zai biya hayar wata shida, da sharaɗin a rushe ginin da take kwana a ciki. Ko ya karɓa ko ya ƙi, akwai abin da zai rasa. Cyberpunk Red ya taimaka a nan da ya sa haya da abinci suka zama kuɗin da ake cirewa duk wata.

Akwai kuma saɓanin da wasan bai warware ba. Daga 1991 aka fara fitar da jerin littattafan Chromebook, waɗanda aka tsara su tamkar kundin tallar kaya, cike da makamai da tufafi da na'urorin dashe, kowanne da farashinsa. Wasan da ke sukar duniyar da ta mayar da mutum haja shi ne kuma ke kwaɗaita wa ɗan wasa sayayya. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin gugar zana da aka yi da gangan, kuma muna iya yarda da su a kan takarda. A kan tebur kuwa, sau da yawa ɗan wasa yakan buɗe shafin hannuwan ƙarfe ne yana lissafin nawa ya rage masa ya sayi na gaba.