Gwanin da ke Zana Dangantaka da Rubutaccen Umarni

Tsakanin 1970 da 1972, wani mai nazarin zamantakewa, Wayne Zachary, ya lizimci wata ƙungiyar 'yan kareti a wata jami'ar Amurka, yana lura da wa ke hulɗa da wa bayan an tashi daga horo. Ya rubuta mutum 34 da alaƙa 78 a tsakaninsu. Ana cikin haka rigima ta ɓarke tsakanin malamin ƙungiyar da shugabanta a kan kuɗin koyo, ƙungiya ta dare gida biyu. Da Zachary ya bi zaren abotar da lissafi, sai ya nuna masa ɓangaren da kowa ya bi, ban da mutum ɗaya. A 1977 ya buga binciken.

Yau duk mai harshen shirya manhaja na Python a kwamfutarsa zai iya kiran wannan ƙungiya da layi guda, domin tana ajiye cikin NetworkX, ma'ajiyar umarnin da Aric Hagberg da Dan Schult da Pieter Swart suka gina, wadda ta samo asali daga cibiyar bincike ta Los Alamos. Da ita zan nuna wata gwaninta da nake ganin ba a ba ta girman da ya kamace ta: fitar da zanen dangantaka da bayanansa ta hanyar rubutaccen umarni, ba da danne-dannen linzami ba.

Zanen kansa ba shi da wuyar fahimta. Kowane mutum ɗigo ne, kowace alaƙa zare ce da ta haɗa ɗigo biyu. Tsohuwar da za ta zauna ta warware maka wane ya auri 'yar wane, wane kuma jikan wane ne ta wajen uwa, irin wannan saƙa ce ke kanta. Bambancin kawai shi ne kwamfuta na iya riƙe ɗigo dubu ɗari ba ta rikice ba.

To ina gwanintar take? Mai koyo yakan buɗe manhaja irin Gephi, wadda ɗalibai suka fara a Kwamfiyen ta Faransa a 2008, ya ja ɗigo nan, ya tura wani can, ya shafa launi, har zane ya yi kyau, sannan ya ɗauki hoton allo. Kashegari a ce masa an ƙara mutum biyar a jerin. Aikin jiya ya tashi a banza, kuma ko ya kwana a kai ba zai maimaita wancan zanen daidai ba, don hannunsa ne ya san hanyar, hannu kuwa ba ya ajiye rubutu. Gwani ba ya yarda da haka. Shi kowane mataki rubuta shi yake: daga ina za a ɗauko bayanai, wa za a tace, girman ɗigo zai bi yawan zarensa, launi zai bi ƙungiyarsa, da irin fayil ɗin da za a fitar. In bayanai sun sauya, ya sake kunna umarnin, kafin shayinsa ya huce sabon zane ya fito.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne sun san wani sirri da mai kallo bai sani ba: a cikin bayanan babu wurin zaman kowa. Babu inda aka ce malamin kareti yana hagu, shugaba yana dama. Lissafi ne ke raba wuri. Dabarar da Fruchterman da Reingold suka wallafa a 1991 tana ɗaukar ɗigogi kamar masu ture juna, zare kuma yana jawo waɗanda ya haɗa, ana ta ja da turi har kowa ya natsu. Amma farkon zaman da ka ake watsa shi, kamar an watsa hatsi a faifai. Shi ya sa in ka kunna umarni sau biyu, sai ka sami zane biyu mabambanta daga bayani ɗaya. Gwani yakan kafa wata lamba da masu sana'ar ke kira iri, wadda ke sa watsin ya faɗi wuri ɗaya kullum. Sannan ba ya tsayawa nan, sai ya rubuta mazaunin kowane ɗigo a cikin fayil ɗin, ta yadda abokin aikinsa a wata ƙasa zai buɗe ya ga abin da shi ya gani, ba wani abu mai kama da shi ba.

A nan zaɓen fayil ke shigowa. GEXF, wanda mutanen Gephi suka tsara, yana ɗauke da mazauni da launi da girma, har da lokacin da alaƙa ta ƙullu da lokacin da ta yanke. GraphML ya fi yawo tsakanin manhajoji, amma yana da tsantseni: ka ba ɗigo jerin abubuwa a gurbi ɗaya, NetworkX ya ƙi rubutawa har sai ka mayar da jerin rubutu guda.  Shi kuwa hoto, PNG tarin ƙananan ƙwayoyin launi ne, in ka faɗaɗa shi sai ya dushe. SVG da PDF umarnin zane suke ajiyewa, don haka ko a allon talla ka buga su, zaren siriri zai fito sarai. Gwani kan fitar da duka biyun, hoto don ido, bayani don wanda zai bincika, kuma ba ya aika ɗaya ya bar ɗaya.

Akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye. In sunayen da ke kan ɗigogin na Hausa ne, Ɗanladi ko Ƙofar Mata, haruffa masu lanƙwasa na iya komawa akwatuna ko tarkacen alamomi, ko dai saboda ba a ajiye fayil da tsarin UTF-8 ba, ko saboda salon harafin da aka zaɓa ba shi da su. Wanda ya ƙware yana saka wannan a umarninsa tun farko, ya kuma buɗe abin da ya fitar ya ƙirga: ɗigo 34 suka shiga, 34 suka fito? Zare 78 na nan? Wannan ƙirge na bayan fage shi nake ganin ya raba mai sana'a da mai gwaji. Haka kuma in ɗigogi sun yi yawa har zane ya zama curin zaren da ya sarƙe, ba ya ɓoye waɗanda ya cire. Ƙa'idar tacewar tana rubuce, kowa zai iya karantawa ya ƙalubalance ta.

Mutumin nan ɗaya da lissafin Zachary ya kuskure yana nan cikin fayil ɗin. A takardar 1977 shi ne na 9, amma a NetworkX shi ne na 8, don can daga sifiri ake fara ƙirga, kuma wanda bai lura ba zai shafa wa wani launinsa. Zarensa biyar ne, uku sun tafi ɓangaren shugaba, biyu ɓangaren malami. Saura mako uku ya yi jarrabawar baƙar ɗamara lokacin da aka rabu, don haka ya bi malaminsa kada wahalarsa ta tafi a banza. In umarnin ya ɗauko mazauni daga zaren abota, ya ɗauko launi daga gurbin da aka rubuta inda kowa ya koma, za ka gan shi a tsakanin taron biyu, mafi yawan zarensa na jan sa wajen shugaba, launinsa kuwa na malami.