Muryar Da Ke Gaban Fim: Tambari Da Talla A Finafinan Hausa

Masu sharhin fim sun daɗe suna yi wa tambarin kamfanoninmu kallon hadarin kaji. Wai kwaikwayon zakin MGM ne, ko mutumin nan na R.K. Films mai goge a hannu ɗaya, budurwa a ɗaya. Wai ɓata lokaci ne kafin a shiga labari. Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa bakin shagon kaset a Sakkwato ranar da sabon kaya ya sauka daga Kano ba.

Tarihin sananne ne. Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kamfanoni sun cika garin Kano: Sarauniya mai Sangaya, Iyan-Tama, FKD ta Ali Nuhu. Rarraba fim kuwa a wancan lokacin yana hannun dilolin Bata da Ƙofar Wambai. Furodusa ya miƙa masta, ya sayar musu da kwali, su kuma su buga kaset su loda mota ta Funtuwa da Gusau zuwa Sakkwato, daga nan ya wuce Illela da Ƙonni. Tunda kwalin ne kuɗin furodusa, tambarin da ke jikinsa shi ne shaidar cewa kayan na halal ne. Mai cewa ado ne kawai bai san cinikin ba.

Amma ni ba zanen ne ya fi kama min hankali ba, muryar ce. Da zarar haruffa sun juyo sun tsaya, sai mai shela ya ɗauka. Ba ya fara da labari, da suna yake farawa: kamfanin wane, wanda ya kawo muku kaza da kaza, shi ne ya sake yunƙurowa. Sai ya ja numfashi, kiɗan fiyano ya cike gurbin. Sai ya jero 'yan wasa, manya a gaba, kowanne da laƙabinsa, yana jan gaɓar ƙarshe ta sunan har fuskar mai sunan ta bayyana. Sunan fim kuma sai ya faɗe shi sau biyu ko uku, na farko da ƙarfi, na ƙarshe a tausashe, sannan ya rufe da "yana nan tafe". Labarin kansa ƙyalle ɗaya ake nuna maka: mari, kuka, baitin waƙa, shi ke nan.

Wannan tsari ba daga Indiya ya zo ba, balle Amurka, inda tambari ke wucewa da ruri ko busa ba tare da an kira sunan kowa ba. Duk wanda ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan salla ya san asalinsa. Haka sanƙira ke yi: ya kira suna, ya jero iyaye da kakanni, ya dakata makaɗa su amsa, ya maimaita. Tsofaffin finafinan kamfani su ne kakanninsa, da su ake yi masa kirari. Shi ya sa Basakkwace ke iya sayen kaset bai tambayi labari ba, jin sunan gidan ya ishe shi.

Yau kaset da faifai sun kau, 'yan tura fim a waya sukan yanke tallar gaba ɗaya don fayil ya yi sauƙi. Tashoshin YouTube irin su Bakori TV mai Izzar So sun riƙe tambari, amma yawanci a 'yan daƙiƙoƙi yake giftawa, ba mai kiran sunan kowa. Masu adana tsofaffin kaset, idan za ku kwafe su, ku fara daga minti na farko.