Tsofaffin Littattafan Kasuwar Kano a Hannun Makarancin Birnin Lalle

Wanda ya taso daga Birnin Lalle, cikin gundumar Dakwaro, ya nufi Maraɗi neman tsohon littafi, yakan tarar da haja iri biyu wurin masu kasa littattafai a ƙasa: tsofaffin littattafan lakwal na Faransanci, da ƴan siraran ƙagaggun labarai da suka tsallako daga Kano ta Katsina da Jibiya. Na biyun su ne Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da ba don yabo aka sa shi ba.

Mai tara su yana fama da wata matsala wadda ta shafi mai nazari ma. Marubutan ne da kansu suka riƙa buga su, a takarda mai araha, kashi-kashi, sau da yawa ba shekarar bugu. Sai a samu kashi na ɗaya da na uku, na biyu ya tafi aro gidan wata amarya bai dawo ba. Da irin wannan rabin karatu aka daɗe ana yi musu kuɗin goro, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

A ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Mai duba farkonsa zai zaci labarin kishi ne kawai: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da ƴaƴanta tara. Ƙarfin littafin yana tsakiya, inda marubuciyar ta natsu tana nuna yadda Rabi take sayar da abinci ta riƙe gida ba miji. Ƙarshensa kuwa ɗaci gare shi, domin bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji, matsa wa Rabi aka yi ta koma, ba don ranta ya so ba. Rauni akwai shi: nasiha takan yi yawa, Delu kuma ba a rage mata ko ɗigon alheri ba. Amma muryar tsakar gida ce ake ji, wadda littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja, ba su cika ba ta fili ba.

A Nijar lamarin ya fi haka nauyi. Masu karatu da dama da Faransanci suka koyi boko, kuma a irin waɗannan littattafan aro suka fara sabawa da harshensu a rubuce. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, tambayar abin da malami zai miƙa wa ɗalibi ta daina zama ta wasa. Graham Furniss ya tara ɗimbinsu a makarantar SOAS ta Landan, Aliyu Kamal kuma ya fassara labarin Rabi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Kwafin da suka iso ƙasar Dakwaro suna cikin buhu da ƙasan adaka, ga gara, ga yoyon damina.