Labarin Bayajida a Bakin Rijiyar Kusugu: Tsokaci

Kusan duk baƙon da ya sauka Daura, ɗalibi ne ko malami, rijiyar Kusugu ake fara kai shi. A nan ake zayyana masa yadda Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya zo ya kashe macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, sa'an nan ya auri Sarauniya Daurama. Daga zuriyarsa, in ji labarin, aka sami Hausa Bakwai.

Idan aka ɗauke shi a matsayin adabin baka, labarin ba shi da makusa. Zubinsa a tsare yake: ga baƙo, ga annoba, ga bajinta, ga lada. Aibin yana wajen bayar da shi tamkar shi ne tarihi tsantsa, kuma ruwaya ɗaya tak.

Da farko dai, ruwayoyin sun sha bamban. Wadda ake ji a bakin rijiya ta yi kusa da wadda Palmer ya buga a 1928. Amma tun kafin wannan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infakul Maisuri cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne. Hallam kuwa, a 1966, ya danganta Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa Fatimawa tawaye a Arewacin Afirka, ya rasu a 947. A 1970 Abdullahi Smith ya nuna shakku a kan cewa zuwan mutum guda shi ne mafarin sarautar ƙasar Hausa.

Na biyu, shi kansa labarin yana goyon bayan wannan shakku. Bayajida ya tarar da gari kafaffe, da sarauniya wadda wasu mata suka riga ta mulki, da maƙera masu sarrafa ƙarfe. Ashe ba a kan fako ya sauka ba. Amma mai ba da labari yakan wuce waɗannan da sauri, saboda ɗokin isa wurin sare kan macijiya.

Na uku, akan bar baƙo ba a gaya masa tarihin da ya fi tabbata ba, wato korar sarakunan Haɓe a zamanin Jihadi, da komowar gidansu Daura a 1906 ta kan Malam Musa, abin da M. G. Smith ya yi wa littafi guda a 1978. Wannan tarihi shi zai bayyana masa dalilin da ya sa fadar Daura ta riƙe labarin da bikin Gani gam-gam.

Saboda haka ya kamata malaman da ke kai ɗalibai Daura su bambance musu tarihi da tarihihi tun kafin a isa bakin rijiyar, su kuma karanta musu ruwayar Infakul Maisuri tare da ta fada.