Mafarautan Fadamar Haɗejiya da Karnukansu

Karen mafarauci a Haɗejiya siriri ne, mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, galibi ja, jela a nannaɗe. A Ingila gajeren karen teriya ke kama ɓeraye. A fadamun Auyo da Guri kuwa, wannan siririn ne gwani.

Da ruwan kogi ya janye, an girbe shinkafa, sai mafarauta su yi sammako, kare na shinshina ramin gafiya, yana tayar da zomo daga ciyawa. Ba a banza ya iya ba. Tun yana kwikwiyo maigidansa ke koya masa jin fito, ya raba tuwonsa da shi, ya cire masa kaska ɗaya-ɗaya. Manomin da gafiya ta addaba har bakin gona yake tarbarsu.